Kuskuren da Ɗaukewar Wuta Ta Ɓoye

Makon jiya a aji ɗaya daga cikinku ya ce mini kula da memori aikin tsofaffi ne, wai harsunan rubuta manhaja na yanzu suna share bayansu da kansu, mutum ya rubuta abinsa ya kama gabansa. Ban ba shi amsa a take ba, domin ni ba mai saurin amsa ba ne, kuma akwai gaskiya a maganarsa, ko da rabi ce. Sai na ga gara in rubuta muku yadda na koyi aikin, ku karanta a tsanake. Ba na cewa hanyata ce kaɗai daidai. Abin da na gani ne, kuma inda na manta zan ce na manta.

Kakana ya yi aikin auduga a Jazira a gonakin mutane. Babana direban hafila ne, wato bas ɗin haya, a Omdurman. Ni ne na fara kaiwa jami'a a gidanmu, kuma da na gama sai na samu wuri a wani ɗan shago a saman bene a Suk al-Arabi, wajen wani dattijo Bahaushe mai suna Haruna, wanda kowa ke kira Bashmuhandis, wato babban injiniya. Ƙananan na'urori yake haɗawa: mai kunna injin ban ruwa, mai auna zafin tanda, mai buga ƙararrawa idan tankin ruwa ya cika. Shi ne mai haɗa wayoyi, ni kuma aka ɗauke ni in riƙa rubuta manhajar da ke cikinsu, da harshen C++. Kayan aikinmu ba su da yawa: ƙarfen narka dalma, mita, tsohuwar kwamfuta mai allon da ya tsage a gefe, da fanka da ke juyawa idan akwai wuta.

A makona na farko ya karanta abin da na rubuta. Ya leƙa ta taga ya nuna mini Haja Kaltuma, mai shayin da ke zama a gindin benen.

"Idi, kofuna nawa gare ta?"

"Ban sani ba, Bashmuhandis. Wataƙila ashirin."

"Wataƙila. To, in kowa a benen nan ya karɓi shayi ya ajiye kofin a ƙarƙashin teburinsa, me zai faru kafin azahar?"

"Za ta rasa abin zuba wa mutane."

"Shayi na nan, sukari na nan, wuta na ci, amma babu kofi. Duba ƙarƙashin teburinka."

Na duba. Kofuna uku na gani. Tun daga ranar ya laƙaba mini Malam Wataƙila, kuma har na bar shagon bai sauke mini sunan ba.

Abin da yake nufi ke nan, kuma ina jin har yau ban samu bayanin da ya fi shi ba. Na'ura tana da ɗan wurin ajiya da take aiki da shi, shi ne memori. Objekt kuwa ƙunshi ne na bayanai da ayyukan da suka shafe su, ana yanka shi a kan tsari guda da ake kira kilas, kamar yadda tela ke yanka riguna da yawa a kan awo ɗaya. Wani objekt ɗin ka san da shi tun kafin manhaja ta tashi. Wani kuwa sai tana cikin aiki buƙatarsa ke tasowa, sai ka roƙi wuri da kalmar new, a ba ka. Idan ka gama, ka mayar da kalmar delete. Wanda ka roƙa ba ka mayar ba yana nan a zaune, ba ya aiki, kuma ba a iya ba wa wani wurinsa. A babbar kwamfuta kana iya barin ɗaruruwa ba ka ji a jikinka ba. Na'urorinmu kuwa memorinsu bai kai girman hoto ɗaya na cikin wayarku ba.

Aikin farko da ya sake mini shi ne na wani mai gidan burodi a unguwar Dar Salam. Na'urar tana auna zafin tanda ta nuna a ɗan allo. Na rubuta, na gwada, na sake gwadawa, na kai masa da kaina a raksha, keken haya mai ƙafa uku. Ta yi aiki, har mutumin ya ba ni burodi mai zafi a leda. Na yi irin wannan aikin sau da yawa a shekaru biyu, ba a dawo mini da ko ɗaya ba. Na ɗauka na iya. Sai daga baya na gane cewa ba lallai iyawata ce ba.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa na wani ƙaramin asibiti ne a Jabal Awliya, ba nisa da madatsar ruwa. Suna da talaja, wato firij, da suke ajiye alluran rigakafin yara. Allurar ba ta son zafi. Idan ta ɗumama ta wasu sa'o'i, sai zubarwa. Ofishin da ke kula da su ya nemi na'urar da za ta riƙa auna sanyin talajar kowane minti, ta nuna a allo, ta aika saƙo ofis ta layin waya, ta kuma buga ƙararrawa idan sanyi ya ragu. Mai kula da ɗakin rigakafin wata mata ce, Sista Hawwa, 'yar masunta, ta kusa sa'ar mahaifiyata. Ranar da na je sa na'urar ta tsaya a kaina tana riƙe da ƙugu.

"Ɗana, wannan abin naka zai yi ihu in talaja ta mutu?"

"Ya kamata ya yi, Sista."

"Ya kamata, ko zai yi?"

"In sha Allahu zai yi."

"To, mun ji. Ni dai littafina na nan."

Tana da littafin da take rubuta sanyin talajar safe da yamma. Kafin zuwan na'urar daga ma'aunin gilashi take karantawa. Bayan an sa, ofis ya ce ta riƙa kwafa daga allon, aka ɗauke ma'aunin aka kai wani asibitin.

Ga yadda na tsara manhajar, ku lura da kyau. Kowane minti ana yin sabon objekt da na sa wa suna Awo, yana ɗauke da lokaci da sanyi. Sai a miƙa shi ga wani kilas mai aika saƙo. Idan saƙo ya tafi, mai aikawa ya goge shi. Idan layi ya ƙi, sai a yi kwafinsa a sa a layin jira don a sake gwadawa. Kwafin ana goge shi daidai idan lokacinsa ya yi. Na asalin kuwa babu mai goge shi. Lokacin da nake rubuta mai aikawa, na ɗauka layin jira ne zai goge. Lokacin da nake rubuta layin jira, kwana biyu bayan haka, na ɗauka mai aikawa ya riga ya goge. Duka biyun ni na rubuta su. Duk saƙon da ya ƙi tafiya, kofi ɗaya ya shige ƙarƙashin tebur.

Wata bakwai ko takwas, ban riƙe daidai ba, na'urar ta yi aiki ba ƙorafi. Sai wata ranar Lahadi da safe aka kira Bashmuhandis. Injin talajar ya lalace a cikin hutun Juma'a da Asabar. Ƙararrawa ba ta buga ba. Mai gadi yana nan, bai ji komai ba. Sista Hawwa ta buɗe talajar da safe ta tarar da ita da ɗumi, allo kuwa yana nuna digiri huɗu, sanyin da ake so, koriyar fitila na ci kamar kullum. Alluran wata guda suka tafi, iyaye mata da suka zo da jarirai daga ƙauyukan bakin kogi aka ce su koma.

Mufattish, wato mai bincike daga ofis, ya je a ranar. Ya tarar da allon a kan huɗu, ya cire na'urar har da batirinta ya sake sawa, ta tashi garau, ta yi ihu nan take. Ya duba ya ga saƙo na ƙarshe ya shigo ofis ne tun Alhamis da rana. Ya kuma ga cajar waya a kusa da soket ɗin. Ba a daɗe da sa wa asibitin sola ba, kuma kowa ya san yadda ake rububin soket a inda wuta ba ta yankewa. Sai ya rubuta cewa Sista Hawwa ta cire na'urar ta sa wayarta, ta manta, ta kuma rubuta huɗu a littafi da ka. Aka dakatar da ita, aka sa ranar da kwamiti zai zauna ya yanke ko za a sallame ta. Mu kuma aka aiko mana da na'urar, aka ce mu duba mu rubuta takarda cewa lafiyarta ƙalau.

Na sa ta a kan teburina a Suk al-Arabi. Kwana goma tana aiki. Na dumama wayar awon da hannuna, ta yi ihu. Na sa ta a ruwan ƙanƙara, ta yi shiru. Na karanta manhajar sau uku ban ga komai ba, domin wanda ya rubuta abu abin da ya yi niyya yake karantawa. Bashmuhandis ya buga takardar ya ajiye mini.

"Sa hannu, Malam Wataƙila."

"Ina jin gara in ƙara dubawa."

"Me ya rage ba ka duba ba?"

"Ban sani ba. Shi ya sa."

Ya kalle ni ya ce, "Kwamiti ranar Talata ta sama ne. Kada ka kai ni Litinin."

Washegari na hau mota zuwa Jabal Awliya, na tambayi gidanta. Na same ta a tsakar gida tana gyaran kifi. Ba ta tashi ba.

"Ka zo ka ga ɓarauniyar soket?"

"Sista, tambaya na zo yi."

"Yi. Kowa ya yi tasa."

Na tambaye ta ko akwai abin da ya sauya a ɗakin kafin abin ya faru. Ta ce babu, in ban da sola. Na tambaye ta ko na'urar ta taɓa yin wani abu dabam. Ta ajiye wuƙar ta yi tunani.

"Da can kullum sai ta yi ɗan kukan nan nata, ƙit-ƙit, in wuta ta dawo. Har yaran da ke layi suna kwaikwayonta. Tunda aka sa sola ban sake jin sa ba. Na ce a raina, madalla, ta huta."

Kukan da take nufi shi ne wanda na'urar ke yi idan ta tashi daga farko. Na sa mata ƙaramin batir, amma ba ya wuce sa'a biyu, wutar unguwar kuwa tana tafiya fiye da haka kusan kullum. Ma'ana, tun da aka sa na'urar har zuwa ranar da aka sa sola, ba ta taɓa yin kwana biyu a jere ba ta mutu ta tashi ba. Kuma duk tashi, memori yana komawa fanko. Kamfanin wuta ne ke tattara mini kofuna yana mayarwa, ban sani ba. A shagonmu ma haka ne: wuta tana tafiya kowace rana, ga shi layin waya a tsakiyar Khartoum ba ya cika ƙin tafiya. Kwana goman da na yi ina gwaji, gwajin kwana ɗaya ne na maimaita sau goma. Na'urar mai burodi da sauran duka a kan wannan wutar suke.

Na ce mata, "Wataƙila na gano wani abu. Amma kada ki sa rai tukuna."

"Ɗana, ban sa ba tun farko."

Da na koma na roƙi babana tsohon batirin hafilarsa, na haɗa na'urar da shi don kada ta mutu. Na zare katin wayar don kowane saƙo ya ƙi tafiya. Na ƙara layi ɗaya a manhajar da ke nuna memorin da ya rage, na kuma sa ta riƙa awo kowace daƙiƙa maimakon minti, don kada mu jira makonni. Muka zauna ni da Bashmuhandis muna kallon lambar tana sauka, ba ta taɓa hawa ba. Kafin la'asar ta kai ƙasa. Manhajar ta roƙi wuri ba a ba ta ba, ni kuma ban rubuta abin da za ta yi a irin wannan hali ba. Ta tsaya cak. Allo ya daskare a kan awon ƙarshe, koriyar fitila na ci. Na riƙe wayar awon a tafin hannuna har ta yi ɗumi. Shiru.

Bashmuhandis ya ɗauki takardar da ya buga, ya ninke ta huɗu, ya tura ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa.

"Ka san in muka faɗa, sauran asibitocin da suka yi mana alkawarin aiki sun tafi?"

"Na sani, Bashmuhandis."

"Wa ya roƙi wurin?"

"Ni."

"To kai za ka je ka mayar. Zan raka ka, amma bakina a rufe. Kuma ka bar wataƙilarka a nan wajen Haja Kaltuma, ka karɓa in mun dawo."

Ranar Talata muka shiga da batirin hafila a cikin buhu. Mutum huɗu ne a kwamitin, da mufattish, Sista Hawwa na zaune a kujerar gefe da tobinta fari, wato lafaya. Da Larabci aka yi zaman. Na yi bayanin kofunan shayi, domin ban san wata hanyar ba. Na kunna na'urar tun da safe a shago yadda za ta cika a gabansu, kuma ta cika, ko da yake ta sa mu jiran kusan rabin sa'a. Da allon ya daskare na miƙa wa mufattish wayar awon na ce ya riƙe. Ya riƙe, ya hura mata iska, ya sa ta a kofin shayinsa. Allo bai motsa ba.

Ya ce, "Ya ustaz, wannan ya nuna tana iya daskarewa. Bai nuna ba a cire ta ba."

Na ce, "Da an cire ta, batirinta zai ƙare, allon ya mutu. Kai da kanka ka rubuta cewa ka tarar da shi yana nuna huɗu a talaja mai ɗumi. Kuma da an cire an mayar, da ta tashi da memori fanko ta yi ihu, kamar yadda ta yi a hannunka. Abin da ya daskarar da ita shi ne ba wanda ya taɓa ta."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata. Kuskuren nawa ne, yana layi na ɗari biyu da wani abu, ga shi na buga muku."

Aka mayar da ita bakin aikinta a makon. Mu kuma sauran asibitocin suka janye, kamar yadda Bashmuhandis ya faɗa. Wannan ce shekarar da ta fi mana tsanani kafin yaƙi. Wata da watanni gyaran caja da rediyo muke yi, ni kuma ina bin tsofaffin na'urorinmu ɗaya bayan ɗaya ina dubawa. Na samu irin wannan kuskuren a guda uku, har da ta mai burodi, wanda ya yi mamakin ganina domin a wajensa ba abin da ya lalace.

Gyaran da na yi ba shi da wuya, kuma shi nake koya muku. Na daina roƙon wuri kowane minti. Tun tashin na'ura nake ware adadin Awo da za ta iya ɗauka, a riƙa ara daga cikinsu ana mayarwa; idan sun ƙare, a sake amfani da mafi tsufa, awon sanyi da ƙararrawa kuwa ba sa jiran kowa. Kowane objekt na ba shi mai shi guda ɗaya, na rubuta sunansa a saman kilas ɗin, kuma aikin gogewa na sa shi a inda zai faru da kansa idan mai shi ya gama. Na daina yin kwafi inda miƙawa ta isa. Duk inda aka roƙi wuri, na rubuta abin da za a yi idan an hana. Game da harsunan da ke da mai shara kuwa, gaskiya ne suna rage wahala, ina amfani da su. Amma a iya sanina mai shara ba ya ɗaukar abin da kake riƙe da shi. Ka zuba objekt a jeri ka manta da jerin, zai zagaye shi ya wuce.

Asibitin Jabal Awliya kaɗai ya yarda mu mayar da tamu, kuma na ji Sista Hawwa ce ta nema, bisa sharaɗin a dawo mata da ma'auninta na gilashi. Ranar da na je sawa ta sake tsayawa a kaina.

"In ta sake suma, ta yaya zan sani?"

"Fitilar yanzu ƙiftawa take yi, Sista. Manhajar ce ke ƙifta ta. In ta tsaya, wani ɗan agogo a ciki zai tayar da ita da kansa, ki ji kukan nan."

"Ka gwada?"

"Kwana ashirin da ɗaya a kan batirin mota, ba katin waya."

Ta kalli fitilar tana ƙiftawa, ta daɗe. Sannan ta buɗe talajar, ta karanta ma'aunin gilashi, ta rubuta a littafinta, sai bayan nan ta dubi allona.

"Sun yi daidai," ta ce. "Yau."

Shi ya sa batirin nan yake a kusurwar ajinmu a Omdurman, kuma shi ya sa ban karɓi aikinku ba tukuna, ko da yake na ga yana tafiya. Yau kwanansa shida a kai. Lambar memorin ɗayanku ta fara sauka tun shekaranjiya. Ban faɗi ko ta waye ba, ku je ku duba. Kuma don Allah kada wanda ya cire wayar ya sa caja.